Gidan Raino: Kafin Ku Miƙa Yaro, Ku Nemi Ganin Lasisi

Idan ɗayanmu zai sayi wayar hannu a Farm Centre, sai ya kusa awa guda yana jujjuya ta. Ya duba batir, ya gwada kyamara, ya nemi kwali da rasit, wani ma har ya kira abokinsa da ya san kan waya. Amma idan aka zo batun gidan rainon da za a bar jariri daga safe zuwa yamma, sau da yawa hoto uku a Instagram da lambar waya sun wadatar. An ga bango mai fenti kala-kala, an ga kayan wasa, shi kenan a tura kuɗi. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Buƙatar gidajen raino a biranenmu gaskiya ce, ba gayu ba ne. A da, kaka tana tsakar gida, gwaggo tana ɗaki na kusa, yaro ba ya rasa bayan da za a goya shi. Yanzu ango da amarya suna haya a wata unguwa mai nisa da danginsu, miji ya fita, mata ma ta fita. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mace na hutun haihuwa, alhali likitoci suna cewa a shayar da jariri nono zalla har wata 6. Ɗaliba kuwa, jarrabawa ba ta jiran a yi arba'in. To dole wani ya riƙe yaron. Tambayar ita ce, wane ne, kuma wa yake sa masa ido?

Kada ka ce ai ni ban yi aure ba, ina ruwana. Mu ne masu waya a hannu. Mu Yaya take ce wa, "Don Allah duba min wani wuri mai kyau kusa da mu." Mu muke ɗora tallar gidan rainon ƙawarmu a WhatsApp ba tare da mun taɓa taka ƙofarsa ba. Idan wata ta kai ɗanta saboda ta gani a wajenka, kana da kaso a abin da ya biyo baya.

Abu na farko shi ne takarda, kuma a nan ake yi wa mutane wayo. Za ku shiga ofis ku ga satifiket a firam an rataye, ku ji hankali ya kwanta. Ku matsa kusa ku karanta. Idan na CAC ne, abin da yake nufi kawai an yi wa sunan kasuwancin rajista, irin wadda mai shagon atamfa ma yake yi. Hukumar CAC ba ta zuwa duba ban-ɗaki, ba ta ƙirga masu raino. Takardar da kuke nema ita ce ta amincewar gwamnatin jiha. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi cewa gwamnati ta riƙe rajistar masu kula da yara 'yan ƙasa da shekara 6, kuma Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Idan gidan rainon yana haɗe da makarantar nazare, a Kano akwai hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu. A wasu jihohin ma'aikatar ilimi ko ta harkokin mata ce take da alhakin. Ku tambayi mai wurin kai tsaye: wace hukuma ce ta ba ku izini, yaushe, kuma an sabunta? Ku ɗauki hoton takardar, ku duba ko suna da adireshin da ke jiki su ne na ginin da kuke tsaye a ciki, sannan ku je ofishin hukumar ku tabbatar. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara da "Haba Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?" ya riga ya ba ku amsa.

Babu wanda ya manta da Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamban 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022. Wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Yulin 2022, Abdulmalik Tanko, shi ne mai makarantar da take zuwa. Bayan abin ya faru ne gwamnatin jihar ta janye takardun dukkan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. Mun yi kuka a Facebook, mun canja hotunanmu, sannan muka wuce. Darasin da ya kamata ya zauna mana shi ne, amanar yaro ba a ba da ita don mutum yana da fara'a ko ana kiransa Malam ko Anti. A san ko shi wane ne, a san waɗanda ya ɗauka aiki.

Shi ya sa lasisi kaɗai bai isa ba, matakin farko ne. Gani ya kori ji. Ku je ba tare da kun sanar ba, da tsakar rana, lokacin da yara suka gaji, masu raino ma suka gaji. Ku ƙirga jarirai, ku ƙirga manya. Mace ɗaya da jarirai goma ba raino take yi ba, gadi take yi. Ku duba shekarun masu rainon, don wani wurin ƙananan 'yan mata ne da su ma ya kamata a ce suna aji. Ku leƙa bayan gida: akwai rijiya a buɗe, ko bokiti cike da ruwa? Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ina janareta yake, hayaƙinsa yana shiga ɗaki? A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, to idan an ɗauke wuta yaya iskar ɗakin take? Ƙofa nawa ce idan gobara ta tashi?

Ku kalli yadda jarirai suke barci. A rigingine ake kwantar da jariri, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba ruf da ciki a kan matashi ba. Idan kuka tarar da ɗaki tsit, yara duk sun yi barci lokaci guda kamar an kashe fitila, ku tambaya ko ana ba su wani magani. Babu mai ikon ɗura wa ɗanku maganin mura ko na tari ba da saninku ba. Sannan ku lura ko sun nemi katin rigakafin yaronku. Idan ba su nemi naku ba, ba su nemi na sauran ba. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ya san abin da ake nufi da tara yara a ɗaki ɗaya babu rigakafi.

Sai batun ɗaukar yaro. Wa aka yarda ya zo ya tafi da shi? Akwai littafin da ake sa hannu? Idan wani ya zo ya ce shi kawunsa ne, za su kira uwar kafin su miƙa? Ku gwada su: ku tura wani ɗan'uwa da ba su sani ba, ku ga abin da zai faru. Haka nan hotuna. Gidan rainon da yake watsa fuskokin yara a TikTok, da sunayensu da allon wurin a bayansu, yana sanar da duniya inda ɗanku yake wuni kullum. Ku faɗa musu tun ranar farko ko kun yarda ko ba ku yarda ba.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan zancen masu kuɗi ne, wuri mai lasisi tsada gare shi, albashin ma nawa yake? Gaskiya ne, kuma ba za mu zagi uwar da ta bar ɗanta wajen maƙwabciya don abin da ƙarfinta ya kai kenan ba. Wata maƙwabciyar ma ta fi gidan raino mai gilashi riƙon amana. Amma tambayoyin nan kyauta ne. Rufe rijiya, kwantar da jariri a rigingine, sanin wanda zai ɗauki yaro, babu wanda yake buƙatar ko sisi. Kuma tsada ba shaida ba ce, akwai wurin da ake biyan kuɗin fenti da na'urar sanyaya ɗaki kawai.

Hukumomi ma da nasu. Bai kamata uwa mai goyo ta hau adaidaita sahu tana yawon ofis-ofis don ta san ko wuri yana da izini ba. A wallafa sunayen gidajen raino masu lasisi a intanet, unguwa-unguwa, tare da ranar da aka kai musu ziyarar ƙarshe da lambar kai ƙorafi. Idan ana iya duba sakamakon JAMB a waya, wannan ma ba gagara zai yi ba. Mu da muke iya sa maudu'i ya zagaye ƙasa a dare ɗaya, wannan yana cikin abin da ya cancanci mu dame su da shi.

Kafin nan, idan Yaya ko Anti ta ce ka nemo mata wuri, kada ka tura mata hoto ka koma kallon bidiyo. Ka raka ta, ku karanta takardar bangon tare, ku leƙa bayan gida. Jaririn ba zai iya dawowa ya ba da labarin yadda ya wuni ba. Allah Ya raya mana su, Ya tsare su.