Digirin Kimiyyar Kwamfuta da Kasuwar Aiki

Kimiyyar kwamfuta 'yar gidan lissafi ce. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kwas ɗin ya daɗe a ƙarƙashin Sashen Lissafi kafin ya samu sashensa na kansa, kuma wannan asali shi ke girgiza sabbin ɗalibai a zangon farko. Yaro ya cike fom ɗin JAMB yana zaton za a koya masa gyaran kwamfuta ko buga takardu irin na shagunan bakin makaranta, sai ya tarar da aljebra da ƙididdiga da ilimin manɗiƙi suna jiransa. Shi ya sa sharaɗin shiga ya ƙunshi kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizik.

Karatun shekara huɗu ne a yawancin jami'o'i, biyar a jami'o'in fasaha irin ta Minna, idan yajin aiki bai gitta ba. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ƙashin bayan karatun shi ne algorizim, wato tsara matakan warware matsala dalla-dalla yadda na'ura za ta bi. A kansa ake ɗora rumbun bayanai, da tsarin sadarwa tsakanin kwamfutoci, da harsunan rubuta manhaja irin su Python da Java. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin karatu wanda a cikinsa tsaron intanet da injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai kowanne ke da digirinsa.

Raunin yana wajen aiki da hannu. Har yau akwai ajujuwan da ake rubuta shirin kwamfuta da biro a takardar jarrabawa, malami ya yi maki ba tare da na'ura ta taɓa gwada shi ba. Ɗalibi na iya fita da sakamako mai kyau alhali bai taɓa gina abin da mutum goma suka yi amfani da shi ba. An kafa SIWES, watannin koyon aiki a masana'antu da hukumar ITF ke kula da su, domin cike wannan giɓi, amma da yawa suna ƙare su a ofis suna ɗaukar fayil, su dawo da littafin rahoto cike da sa hannu.

Kasuwar aiki kuwa ta rabu biyu. Ma'aikatun gwamnati da hukumomi irin su NITDA, da bankuna, da koyarwa, suna duba takarda da matakin digiri da shaidar bautar ƙasa. Kamfanonin fasaha su ba ruwansu sosai da wannan: za su nemi ganin aikin mutum a dandalin GitHub, su ba shi matsala ya warware a gabansu. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa Paystack, kamfanin da Stripe ya saya a 2020 kan fiye da dala miliyan 200, sun karanta kwas ɗin ne a Jami'ar Babcock; abin da aka saya dai manhajar biyan kuɗi ce mai aiki.

Yawancin irin waɗannan guraben suna Legas da Abuja, ko kuma a kamfanonin waje da ke ɗaukar mutum ya yi aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala. Mai zaune a Kano ko Gusau na iya samu, muddin yana da Turanci mai kyau da intanet da wutar sola. Ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su sun soma raguwa, saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta shiri mai sauƙi cikin daƙiƙu. Sai dai waɗannan manhajoji har yanzu suna tuntuɓe da Hausa, kuma masu bincike irin na ƙungiyar HausaNLP suna buƙatar wanda ya haɗa lissafi da sanin harshen.