Ba Kowace Rigimar Wurin Aiki Ce Ta Al'ada Ba

A watan Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta kori manyan jami'ai uku 'yan Sin da ke shugabantar harkar mai a ƙasar, ciki har da na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki tun 2011. Babban dalilin da ministan mai ya bayar shi ne albashi: baƙo da ɗan gida suna muƙami ɗaya, amma abin da ake biyan baƙon ya yi wa na ɗan gida fintinkau. Duk da haka, da an ji hayaniya a kamfanin baƙi, sai a ce ai bambancin al'ada ne.

Bambancin kam akwai shi. Ku leƙa masana'antun Sharaɗa ko Challawa a Kano. Manaja Ba'indiye ko Basine ya shigo da safe, ba sallama ba ina kwana, ya wuce kan inji. A wajensa aiki ya sa gaba, a wajen ma'aikata kuwa raini ne. Ya kira magidanci mai 'ya'ya bakwai ya daka masa tsawa a gaban yaran da yake koya wa aiki. Mutumin ya sunkuyar da kai don ladabi, manaja ya ɗauka rashin gaskiya ne. Da a ofis aka ja shi gefe aka ce, "Malam, wannan bai yi ba," da magana ta mutu nan take. Irin wannan ana koyonsa cikin wata guda: a gaisa, a ware lokacin sallar Juma'a, a bar mutum ya je jana'iza. Mu ma da namu laifin, domin wanda ya mai da kowane suna da ɗaurin aure hujjar makara bai kyauta wa abokin aikin da ya kwana kan inji yana jiran canji ba.

Amma gaisuwa ba ta biyan kuɗin makaranta. Na fi tsoron manajan da ya iya "sannu da aiki" raɗau, har da hula ran Sallah, alhali leburorinsa sun shekara biyar ba takardar ɗaukar aiki. Kafin a ɗauko masanin al'adu ya yi wa ma'aikata bita, ƙungiyar ƙwadago ta fara neman a buɗe mata takardar albashi.