Zancen "Sai i7" Ya Ishe Mu Haka a Maraɗi

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, kuma tun daga ranar ya kamata a ce zancen "in ba i7 ba ce, ba kwamfuta ba ce" ya mutu a garin Maraɗi. Bai mutu ba, ƙarfi ma ya ƙara. Shiga shagon kayan kwamfuta ka ce kana son haɗa ta tebur da ɗan abin da ka tara, kafin ka rufe baki an nuna maka shuɗin tambari a goshin akwati: "Alhaji, wannan i7 ce, daga Turai ta sauka." Ba mai gaya maka i7 ta wace shekara. Mai sayen ma ba ya tambaya, don an riga an cusa masa cewa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, magana ta ƙare.

Wannan lissafi ƙarya ne, kuma da yawa daga masu sayarwa sun san ƙarya ne. Tun 2008 kamfanin Intel yake buga sunan i7 a kan furosesa, zubi bayan zubi, shekara bayan shekara. i7-2600 da ta cika shagunanmu a 2011 ta fito, i7-3770 kuma a 2012. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ƙera su yau yana kwaleji. i3-12100 ta 2022, wadda za a yatsina maka fuska idan ka ambace ta, ƙwayoyin aikinta huɗu ne daidai da na i7-2600, amma ta ninka ta sauri, kuma ba ta kai ta zafi ba. Ga abin da ya fi ciwo: jerin furosesar da Windows 11 ya yarda da su, in ban da 'yan ƙalilan, daga zubi na takwas ya fara a wajen Intel, daga Ryzen 2000 a wajen AMD. Ke nan i7-7700 ta 2017 an bar ta a waje, i3-8100 da ta fito a ƙarshen 2017 ɗin kuwa an shigar da ita. Shi kansa Intel tun 2023 ya sanar zai cire harafin "i" daga sunan sababbin furosesarsa. Mai kaya ya ajiye sunan, mu nan muna biyan kuɗinsa.

Bamaraɗe ba ya sayen jar akuya don an ce masa jar akuya ce, sai ya buɗe bakinta ya duba haƙori. Haƙorin furosesa yana cikin lambar da ke bayan ɗan layin da ke bin i7 ko i3. Idan lambobi huɗu ne, ta farko ita ce zubin: 2600 zubi na biyu, 4770 na huɗu, 8500 na takwas. Idan biyar ne, biyun farko za ka duba: 10100 na goma, 12400 na sha biyu. Ilimin ke nan gaba ɗaya, bai kai minti ɗaya ba. Me ya sa ba a koyar da shi a cibiyoyin koyon kwamfuta da suka cika unguwanninmu, waɗanda ke karɓar kuɗin yara wata da watanni suna nuna musu yadda ake kaurara rubutu a Word? Yaro ya fito da takardar shaida, amma bai taɓa kwance ƙusa ɗaya ya leƙa cikin akwatin da ya zauna gabansa ba.

Za a ce mini ai yaran kasuwa suna ɗora Windows 11 a kan kowace tsohuwar na'ura ta bayan gida. Na sani. Microsoft ma ya sani, shi ya sa ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin waɗannan na'urori alkawarin gyare-gyaren tsaro ba. Wanda ke son ajiye lissafin shagonsa a kan abin da ba alkawari, ga fili ga mai doki. Za a kuma ce talaka ba shi da kuɗin sabuwa. Wa ya ce a sayi sabuwa? Cewa na yi kada a sayar wa talaka tsohuwa da kuɗin suna.

Abin da ya fi ɓata mini rai ma ba furosesar ba ce. Mutum zai zo da jaka ɗari da hamsin, a cinye masa mafi yawanta a kan tambari, ragowar canjin a saya masa akwatin wuta, wato alimantasiyon, irin maras suna, maras nauyi, wanda idan ka ɗaga shi sai ka ce ba komai a ciki, an manna masa takarda an rubuta wat 500 ko 600. A wane gari? A Maraɗi, inda wutarmu daga Katsina take tasowa ta biyo ta Gazawa kafin ta iso mu, inda kowa ya san yadda take sauka ta yi ƙasa da yamma sa'ad da kowane gida ya kunna fanka, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi ba sallama. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni sai a Maris na 2024 wutar ta dawo. Wanda ya rayu cikin wannan ya san injin janareto da batir da faifan hasken rana su ne abokan zaman kwamfutarsa, ba na wucin gadi ba ne. Duk wannan hawa da sauka a kan akwatin wuta yake sauka da farko. Mai kyau yakan shanye bugun, ko ya mutu shi kaɗai. Na banza idan zai mutu ba ya tafiya shi ɗaya, yakan ja babban faifai da diski su tafi tare, da hotunan bikin mutane da takardun makaranta da ke ciki. Na ga mai shagon buga takardu zaune ya haɗa kai da gwiwa a gaban i7 ɗinsa da ta ƙone, tambarin yana nan da ƙyallinsa. Akwatin wuta na kamfanin da aka sani, Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, ko ma na asali da aka ciro daga tsohuwar na'urar ofis, mai wat 400 na gaskiya, ya fi wancan na ƙarya sau goma. Sannan regilatar da ondilar ba kayan ado ba ne, cikin kuɗin kwamfutar ake lissafa su tun farko. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi i7 da ondilar tare ba, ondilar zai saya da i3.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane: wasu tsofaffin akwatunan da aka yi wa kasuwar Amurka suna da ɗan jan makunni a baya, gefe 115 gefe 230. Wutarmu 220 ce. Idan yana kan 115 ka soka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Duba shi aikin mai shago ne kafin kaya ya bar hannunsa, ba aikin ɗalibin da ya tara kuɗin alawus ɗinsa ba.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. An ƙera i7-2600 a kan ma'aunin zafi na wat 95. i5-8500 mai ƙwaya shida a kan 65 take, ƙanwarta i5-8500T kuma a kan 35. Furosesa idan ta ɗau zafi ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, don haka i7 ɗin da aka saya saboda sauri, a bazarar Maraɗi rarrafe take yi. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da man sanyayawa da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta wanda ya bushe tun na'urar tana wani ofis a Turai. Man nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma nawa ne cikin masu shago ke sake shi kafin su sayar? Wanda kuma ke Jiratawa ko wani ƙauyen Tsibiri yana aiki da hasken rana, kowane wat kuɗin batir ne. Sakataren ƙungiyar manoman rani a Jiratawa, da aikinsa bai wuce jerin sunaye da lissafin kuɗin ruwa da na taki ba, me zai yi da na'ura mai shan wuta haka? Ƙaramar nan mai harafin T ta ishe shi har ya gaji.

Saurin da mai aiki yake ji a hannunsa ma yawancinsa ba daga furosesa yake zuwa ba. Daga diski yake zuwa. Tsohon diski mai juyawa shi ne ke sa mutum ya kunna kwamfuta ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba. Sa mata SSD ko na giga 256 ne, ka ga yadda take farkawa cikin daƙiƙoƙi, kuma ba shi da allura ko faranti da girgizar hanyar Ɗan Isa za ta lalata. RAM kuwa, giga 4 da Microsoft ya rubuta a matsayin mafi ƙaranci wahala ce kawai. Takwas ne mafari, sha shida ga mai haɗa hoto da bidiyo, kuma sanda biyu sun fi ɗaya, musamman idan furosesar ce ke ɗauke da aikin hoto. Amma da yake SSD da RAM a ciki suke, ba su da tambari a goshi, ba mai yi musu talla.

Ni dai ga wanda zai haɗa da hannunsa, hanya biyu nake gani. Idan kuɗin ya ɗan taka, ya nemi babban faifai na AM4 da Ryzen 5 5600G ta 2021: ƙwaya shida, wat 65, aikin hoto yana cikinta, ba sai an sayi katin hoto daban ba. Gurbin AM4 ya ɗauki furosesa tun daga Ryzen na farko har zuwa jerin 5000, shi ya sa kayansa suke da yawa a hannu, alhali Intel kusan kowane zubi biyu sai ya sauya gurbi. Ko kuma i3-12100 da faifanta, amma a kula da harafin F a ƙarshe: 12100F ba ta fitar da hoto sai da kati, kuma an sha sayar wa mutane ita ba a gaya musu ba. Idan kuɗin bai kai ba, ya ɗauki tsohuwar na'urar ofis ta zubi na takwas, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, ya ƙara mata RAM, ya sa SSD, ya sake man sanyayawa. Ya dai sani cewa da yawansu suna da filogin wuta nasu na daban a ciki, idan akwatin wutar ya mutu ba kowane ne zai shiga ba. Kuma wanda zai sayo allon rubutu daga Kano, a titin Beirut ko Farm Centre, ya tuna da Faransanci muke aikin ofis. Na can tsarin Ingilishi ne, harufa masu hula za su ba shi wahala.

Tsofaffin i7 ɗin fa, a zubar? A'a. A ɗora musu Linux Mint ko Ubuntu da LibreOffice, su yi shekaru suna buga takardu. Amma a sayar da su a kuɗin tsofaffi, a kuma faɗi sunansu na gaskiya.

A nan ne nake da tsohuwar rigima da 'yan kasuwarmu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Maraɗi ta yi suna da fatauci har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda kan alhazanta a 1986. Mun iya ɗauko kaya daga tashar ruwan Kwatano ko Lome, mun iya tsallakar da shi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, atamfa ce, shinkafa ce, gwanjo ne. Abin da ba mu taɓa ɗauka da daraja ba shi ne sanin cikin kayan. Dillali mai karɓar la'ada ya fi mai gyara ƙima a idonmu. Yaron da ya iya gano ƙonannen ƙwai a kan faifai yana durƙushe a lungun shago ana kiransa "kai, zo", wanda bai san bambancin DDR3 da DDR4 ba kuwa shi ne a kan kujera yana yanke farashi. Yanzu da ofisoshin Turai da Amurka ke kwashe na'urorin da Windows 11 ya ƙi, ina kuke tsammani za su nufa? Nan za su zo, kwantena bayan kwantena, kuma tambarin nan shi ne zai sayar da su.

Masu rubuta takardar odar kaya a ofisoshi da ƙungiyoyi su ma da nasu laifin. Duk wanda ya rubuta "Core i7" kawai, ba zubi ba lamba, ya buɗe wa ɗan kwangila ƙofa ya kawo ta 2012 ya karɓi kuɗin ta bana, kuma ba abin da za a iya kama shi da shi, don abin da aka rubuta shi ya kawo. Masu karatun kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke fitowa kowace shekara, su ya kamata a ba duba waɗannan takardu, amma wa ke kiransu?

Buƙatata ga masu shago ba ta da yawa. A buɗe akwati a gaban mai saye. A kunna, a nuna masa cikakkiyar lambar furosesar a kan allo, ba a kan takardar da aka manna ba. A rubuta masa a rasit lambar furosesa, yawan RAM, irin diski da sunan akwatin wuta, a sa hannu. Shagon da ya ce wannan ya yi masa nauyi, mai saye ya ɗauki kuɗinsa ya wuce na gaba.