Nunin Kimiyya Na 'Yan Makaranta: Me Ya Kamata Yaran Kebbi Su Kai?

Ko wace shekara, in zangon karatu ya yi nisa, a kan ga wani motsi a makarantun Birnin Kebbi da Argungu. Labari ya zo cewa za a yi gasar nuna ayyukan kimiyya, ko wace makaranta ta fid da wakilanta. Daga Gesse har Badariya sai ka ga yara suna yawon neman kwali da gam da batir da ɗan ƙwan lantarki, iyaye kuwa suna ta lalube aljihu. Wannan al'amari ba wasan yara ba ne, gama a nan ne yaro ya ke fara sanin ko kimiyya abin yi ne da hannu, ko kuwa abin haddacewa ne don cin jarrabawa. Sabo da haka ya kamata mu tsaya mu duba yadda a ke yinsa, da yadda ya kamata a yi shi.

Irin wannan gasa ta daɗe a duniya. A Amurka an fara babban nunin kimiyya na 'yan makaranta a birnin Filadalfiya cikin shekarar 1950, ya yi ta bunƙasa har ya zama na duniya, yara daga ƙasashe fiye da 50 suna zuwa. A Nijeriya an kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya, wadda a ke kira STAN, cikin 1957, tana kuwa shirya wa yara gasa. Akwai kuma ƙungiyoyin JETS na makarantu, watau na ƙananan injiniyoyi da masu kimiyya, waɗanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ke kula da gasarsu daga jiha zuwa ƙasa baki ɗaya. Har wa yau, cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabon tsarin darussa, inda aka shigar da sana'o'i irin su haɗa wutar hasken rana, da kiwo, da noman lambu. Ashe ke nan ƙofa a buɗe ta ke. Abin da ya rage shi ne abin da yaranmu za su shiga da shi.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk wanda ya taɓa zagaya teburan irin wannan nuni ya san abin da a kan tarar. Ga gidan kwali an sa masa fitila, ga mota ta gwangwani, ga jirgin sama mai farfela yana juyawa a wuri ɗaya. Ba mu raina ƙwazon yaran da suka yi waɗannan ba, gama aikin hannu abin yabo ne. Amma in alƙali ya tambayi yaro, me ka so ka sani, me ka auna, me ka samu, sau da yawa sai ya yi shiru. Wani lokaci ma ba shi ya yi aikin ba. An kai wa mai gyaran rediyo ko kafinta ana saura kwana biyu, an biya shi, an kawo wa yaro ya haddace bayani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka yi wa haka, ko da ya ci kyauta, darasin da ya ɗauka shi ne cewa ilmi abin saye ne, kuma wannan hasara ce babba.

Aikin kimiyya na gaskiya yana farawa ne da tambaya. Mutum ya ga wani abu ya dame shi, ya yi zato a kan dalilinsa, ya shirya gwaji, ya auna, ya rubuta abin da ya gani, ko ya dace da zatonsa ko bai dace ba. Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Yana bukatar ido, da haƙuri, da littafin rubutu.

DARASI DAGA TUKWANE BIYU

Muna da misali a ƙasar Hausa wanda ya kamata ko wane malamin kimiyya ya ba ɗalibansa labarinsa. Malam Mohammed Bah Abba ya yi aikin koyarwa a Dutse ta Jihar Jigawa, ya kuwa fito daga gidan masu ginin tukwane. Ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da babu lantarki. Sai ya ɗauki tukwane biyu na ƙasa, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke cikin rairayin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. An ba da labarin cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Rolex cikin shekarar 2000. Ko wace tsohuwa ta san randa tana sanyaya ruwa. Abin da ya bambanta shi da sauran jama'a shi ne ya yi tambaya, ya gwada, ya ƙirga kwanaki.

Yaron Gesse yana iya ɗorawa daga inda aka tsaya. A watannin Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi ya kan wuce digiri 40. To, da ma'aunin zafi guda ɗaya, bari ya auna cikin tukunya da wajenta safe da rana da maraice har mako biyu. Rairayin gulbi ya fi sanyayawa, ko gawayi dakakke, ko ɓuntun shinkafa? In damina ta faɗi iska ta yi laima, tukunyar tana aiki kamar yadda ta yi da bazara? Tumatir nawa suka ruɓe a ciki, nawa suka ruɓe a kwando? Ko wace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ta isa ta zama aikin nuni cikakke.

TAMBAYOYI NA ƘOFAR GIDA

Kwarin Rima cike ya ke da irin waɗannan tambayoyi. Mu fara da shinkafa, gama ita ce ta ɗaga sunan jihar nan. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya cikin Nuwamba 2015, a Argungu kuma aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT cikin 2017. Amma duk wannan yana tsaye ne a kan ƙwayar iri. Yaro ya karɓo iri daga wurare uku, na rumbun gida, na kasuwa, da na kantin aikin gona. Ya ƙirga ƙwaya 100 daga ko wanne, ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ya riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Masana aikin gona su kan so a sami 80 ko fiye. Yana iya ƙarawa da zuba iri a ruwan gishiri, ya ware wanda ya taso daga wanda ya nutse, ya wanke su, ya ga wanne ya fi tsirowa. Amsar da zai samu mahaifinsa zai iya amfani da ita a fadama a wannan shekarar.

Sai ajiyar wake. Kowa ya san yadda ƙwari ke mai da buhun wake gari. Yarinya ta sami kwalabe huɗu. Ta cika ɗaya taf ta toshe yadda iska ba ta shiga, ta gauraya na biyu da toka, na uku da barkono, na huɗu kuwa ta rufe bakinsa da tsumma kawai. Bayan wata biyu ta ɗebi ƙwaya 100 daga ko wace kwalba ta ƙirga masu huji. A kan wannan hikima ta hana ƙwari iskar shaƙa aka yi buhun nan mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma tun daga 2007. Haka kuma ɗan Aliero yana iya gwada albasa: wadda aka shanya a inuwa kafin ajiya, da wadda aka tara da ɗanyenta, wacce ta fi saurin ruɓa?

Ruwan sha ma babban fage ne. Da damina ruwan gulbi ya kan yi jawur da laka. A cika kwalabe da shi daidai wa daida, a sa alif a ɗaya, a sa dakakken ƙwallon zogale ɗaya a wata, biyu a wata, a bar ɗaya ba a sa mata kome ba. Bayan sa'a guda a ajiye rubutu a bayan ko wace kwalba a ga ta wacce a ke iya karanta shi. Amma lalle yaro ya rubuta a allonsa cewa ruwan da ya kwanta bai zama mai tsabta ba sai an tafasa, gama kwanciyar laka ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka.

Ga kuma sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a ƙasa baki ɗaya cikin 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai ta. 'Yan aji guda suna iya zagaya unguwarsu bayan ruwan sama, su zana taswirar duk inda ruwa ya kwanta, su ɗebi ludayi guda daga ko wane wuri su ƙirga tsutsotsin sauro. Tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓi tana kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, ta sauron kwata kuwa tana rataye kai ƙasa. Yaron da ya iya bambanta su ya san abin da manya da yawa ba su sani ba.

Ƙananan yara na firamare kuwa, zoɓo ya ishe su. A ɗiga lemon tsami a ruwan zoɓo sai jansa ya ƙara haske, a ɗiga ruwan kanwa sai ya juye ya yi duhu zuwa kore. Da wannan za su jera tsamiya da toka da sabulu da nono, su ware masu tsami daga masu kanwa. Wata makaranta kuma ta kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a riƙa auna ruwan sama da rula ko wace safiya. Wanda ya tuna ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, ya san darajar sanin yawan ruwan da ya sauka.

SHARUƊƊA HUƊU

Ko wane aiki aka zaɓa, akwai sharuɗɗan da in babu su gwaji ya ɓaci. Na fari, a canza abu ɗaya kaɗai a lokaci guda. In an canza rairayi kuma an canza girman tukunya, ba za a san wanne ya kawo sanyi ba. Na biyu, a bar guda ɗaya ba a taɓa ta ba, ita ce shaida, da ita a ke gwada sauran. Na uku, a maimaita aƙalla sau uku, gama abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama katari. Na huɗu, a rubuta kome a ranar da ya faru, da kwanan wata. In gwaji ya ƙi, a rubuta ya ƙi. Yaron da ya tsaya gaban alƙalai ya ce zatona bai yi daidai ba, ga dalili, ya fi wanda ya gyara lissafi don ya burge.

A kuma kula da lafiyar yara. Kada a bar su su taɓa wutar lantarki ta gida, ko fetur, ko maganin ƙwari, ko ruwan batir. Kada su shiga kududdufi da ƙafa don ɗiban ruwa, sabo da tsargiya. In za a je bakin gulbi, lalle babba ya raka su.

KIRA GA MANYA

Ya ku iyaye, taimakonku shi ne ku ba yaro wuri da lokaci, ku amsa masa tambaya, ku haɗa shi da masu sani. Masuncin da ke jefa homa a Matan Fada, inda a ke bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, ya san lokacin ƙwan kifi da halin ruwa fiye da abin da ke cikin littafin aji. A bar yaro ya tambaye shi, sa'an nan ya gwada abin da ya ji. 'Yan mata kuma kada a bar su baya, gama yawancin tambayoyin nan, na ajiyar abinci da ruwan sha, su ne suka fi kusa da su.

Malamai kuwa su fara tun farkon zango, domin wake ba ya nuna huji cikin kwana biyu. Su kuma bar yaro ya yi bayani da Hausa tukuna har ya gane, kana a juya zuwa Turanci.

Ga hukuma, shawararmu uku ce. A sake tsarin ba da maki, yadda littafin rubutun yaro da amsarsa za su fi kyan kwali nauyi. A ba ko wace makaranta ma'aunin zafi da sikeli da gilashin ƙara girman abu, waɗanda kuɗinsu bai kai na rumfa da kujerun ranar biki ba. A kuma nemi malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, da kwalejin horon malamai ta Adamu Augie a Argungu, su zama alƙalai da masu ba da shawara, ko wanne ya riƙi makaranta guda.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba ƙirga ƙwayar iri kafin ya yarda da ita, in ya girma ba za a sayar masa da jabun taki ko jabun magani da daɗin baki ba. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ba malamansu haƙurin koyar da su, amin.