Filin Wasanni: Shin ɗaurin idon sawu na hana targaɗe?

Hunturu ya kankama, gasar gidajen makaranta ta ƙarato, kuma mun san yadda filayen wasa suke a Damari da sauran garuruwan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a wannan lokaci. Ƙasa ta bushe ƙamas, sawun shanun da suka ratsa da damina ya zama ƙananan ramuka. Da ƙafa ta faɗa ɗaya, sai a ji wance ta yi targaɗe, gidansu ya rasa gwanarsa ana saura kwana uku gasa. To, ko ɗaurin idon sawu, wanda 'yan ƙwallo ke kira ankilet, zai hana haka?

Masu binciken wannan tambaya sun daɗe suna sa ido a kan wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato netbol. Kada ku ɗauka ƙwallon raga ne. Daga ƙwallon kwando ya samo asali a Ingila, 'yan wasa bakwai ne a kowane ɓangare, kuma mata suka fi yin sa. Ya yi ƙarfi a Ostireliya da Jamaika da Malawi da Yuganda, kuma a 2023 aka yi gasar cin kofin duniyarsa a Afirka ta Kudu, karo na farko a nahiyarmu. Dokarsa ita ce ba a gudu da ƙwallo. Yarinya za ta sheƙo a guje, ta yi tsalle ta cafe, ta tsaya cak inda ta dira, ta jefa cikin daƙiƙa uku. Duk nauyin wannan tsayawa a idon sawu yake sauka, shi ya sa rauninsa ya fi yawa a wasan. Masu ƙwallon hannu da na raga a makarantunmu sun san irin wannan dira.

Yawancin targaɗe iri ɗaya ne: tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ta waje su miƙe fiye da ƙima ko su yage. Ɗauri mai igiya ko mai tauri a gefe yana rage wannan juyawa, amma yana barin ƙafa ta lanƙwasa sama da ƙasa. A 2011 an fitar da binciken da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka kan ɗaliban sakandare 1,460 masu ƙwallon kwando. Waɗanda suka sa ɗauri mai igiya sun ji rauni a idon sawu kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda marasa ɗauri suka ji. Sai dai wanda ya ji raunin duk da ɗaurin, nasa bai fi na sauran sauƙi ba. An yi fargabar cewa in aka matse idon sawu nauyin zai koma gwiwa, amma a wannan bincike raunin gwiwa bai ƙaru ba.

Masu cewa ɗauri na rage gudu fa? Stephen Curry na Amurka, an yi masa tiyata a idon sawu a 2011 da 2012, da ɗauri yake wasa tun daga nan, kuma sau huɗu ya ci kofin NBA.

A kula, ba kowane ɗauri ba ne ke wannan aiki. Safa mai laushi da bandejin da ake saya a kemis suna ɗan rage kumburi, amma ba su da ƙarfin hana ƙafa gurɗewa. Wanda ya fi buƙatar ɗauri na gaske shi ne wanda ya taɓa targaɗe, domin bayan rauni gaɓar kan rage sanin inda ƙafa take, sai ta riƙa maimaitawa.

Ga wanda ba shi da kuɗin ɗauri, akwai abin da muke da shi tun kaka da kakanni: langa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya na cikin atisayen da masu gashin ƙashi ke sa 'yan wasa don dawo da wannan sani. Ku gwada rabin minti a kowace ƙafa, sannan ku rufe ido ku sake, sannan ku sa aboki ya riƙa jefo muku ƙwallo. A yi haka kafin kowane atisaye. Kafin a fara kuma, a zaga filin a cike ramuka.

In an riga an ji raunin, a fita daga fili nan take, kome ihun 'yan gidanku. A ɗaga ƙafa sama, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, in babu a sa ledar ruwa mai sanyi ko tsumma da ruwan randa. Mun san da yawa za a garzaya da su wurin maɗori, ko a gasa da ruwan zafi, amma murza da zafi a kwana biyun farko ƙara kumburi suke yi. Wanda ya kasa yin taku huɗu, ko ya ji zafi a kan ƙashin kansa in an danna, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙafar, ko da sai an dangana da Funtuwa.