Tsuntsun Kowa a Dajin Wani

Idan watan Maris ya yi nisa a ƙasar Amurka, sanyi ya ja da baya, itatuwa suka fara toho, akwai wata jama'a da barci kan ƙaurace wa idanunsu, wato maharban talotalon daji, waɗanda kan fita tun kafin assalatu, su jingina da gindin itace cikin tufafi masu launin ganye, suna sauraren kukan namiji daga reshen da ya kwana. Lokacin barbara ne, saboda haka galibin jihohi ba su halatta harbin kowane tsuntsu sai mai gemu. Dabarar kuwa ita ce maharbi ya goga murfin wani ɗan akwatin katako, ko ya manna 'yar roba a ganɗarsa, ya kwaikwayi muryar mace, har namijin ya taho yana baza wutsiya, yana jan fiffike a ƙasa.

Wannan tsuntsu ya taɓa kaiwa bakin halaka, domin a shekarun 1930 saran daji da farauta ba ƙa'ida sun rage shi ƙwarai, har wasu suka ƙiyasta bai wuce dubu 30 ba. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kiyaye namun daji. Da wannan kuɗi aka riƙa kama tsuntsayen da raga mai tashi da albarushi ana kai su inda suka ƙare, bayan an jarraba sakin na kiwo an ga ba su iya zaman daji. Yau akwai su a jihohi 49, ban da Alaska kaɗai.

To, a nan mas'alar take. A shari'ar Amurka namun daji amana ne a hannun jiha domin jama'a baki ɗaya, alhali ƙasar da suke tafiya a kanta mallakar mai ita ce, kuma yana da ikon hana kowa shiga. A jihohi irin su Teksas da Mizuri ya isa ya shafa fenti shunayya a jikin itatuwan iyakarsa, duk wanda ya ƙetare ya yi laifi. Gwamnatin tarayya tana riƙe da eka wajen miliyan 640, amma akasarinsu a yamma suke, talotalo kuwa ya fi yawa a gabas da kudu, inda mafi yawan ƙasa ke hannun masu mallaka. A Teksas kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa ta mutane ce.

Mai hali sai ya kama hayar daji na shekara, ya shuka wa tsuntsaye abin ci, ya rufe ƙofa, ya zo ranar da ya ga dama. Marar hali kuwa sai ya nufi dajin gwamnati, ya tarar da motoci sun riga shi bakin hanya cikin duhun dare, tsuntsayen kuma sun sha jin kiran ƙarya har sun koyi yin shiru. Wani lokaci ma abin da zai amsa masa kira ɗan'uwansa maharbi ne riƙe da bindiga, shi ya sa ake gargaɗin kada a sa ja ko fari ko shuɗi, launukan kan namijin ke nan. Ban musa cewa wanda ya yi nasara a irin wannan daji ya fi cancantar sunan gwani ba, amma gwaninta daban, adalci daban.

Da yawan 'yan tsaki ya fara raguwa a kudu maso gabas, jihar Jojiya a 2022 ta rage rabon maharbi daga tsuntsu 3 zuwa 2, ta jinkirta buɗe farauta, sa'an nan ta sa dajin gwamnati ya ƙara jiran mako guda bayan an buɗe wa masu filaye. Hujjar jinkiri karɓaɓɓiya ce, domin a bar mata su samu barbara su hau ƙwai kafin a ɗauke mazan. Sai dai tsuntsu bai san shinge ba, kuma idan maslahar kowa ta wajabta haƙuri, bai kamata wanda ba shi da ko taƙi ya fi kowa ɗaukar nauyinsa ba, tun da harajin da ya biya a kan harsashinsa daidai yake da na attajiri. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa shugaba ba ya keɓe hurumi sai domin amfanin jama'a.

Jihar Kansas ta nuna hanya tun 1995: tana biyan manoma kuɗi su bar maharba su shiga gonakinsu da ƙafa, har filayen da ke cikin shirin suka kai eka wajen miliyan ɗaya, manomi ya samu, maharbi ya samu, cunkoso ya ragu. Hukumomin kudu su ɗauki wannan, su kuma sanya ranar buɗewa guda ɗaya ga mai daji da marar daji.