"Ai kowa zai iya": yaushe dabarar bakanike take zama tasa?

1/ Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, manoman rani da yawa suka mayar da injin ban ruwa ya koma shan gas ɗin girki: a sauya kafireto, a sa bawul. A ce wani ya zo bakin dam ɗin Mairuwa da takarda, wai dabarar tasa ce, kowa ya biya shi. Ku biyo ni.

2/ Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta sa sharaɗi uku: abin ya zama sabo, ya yi amfani a sana'a, kuma kada ya zama abin da duk mai sana'ar zai hango daga abin da aka riga aka sani. Na ukun nan ne wurin rigima.

3/ Amurka ta yi irin wannan shari'a a 2007, KSR da Teleflex. An haɗa totur ɗin mota mai daidaituwa da na'urar lantarki, dukkansu sanannu. Kotun ƙoli ta ce haɗa tsofaffin abubuwa, kowanne yana aikinsa na da, bai isa ƙirƙira ba.

4/ Abin da mutane ba su sani ba: ofishin rajista a Abuja ba ya binciken ko abu sabo ne. Cikar takardu yake dubawa, sai ya bayar, kariyar shekara 20. Babbar Kotun Tarayya ce ke iya soke ta. Don haka takarda kaɗai kada ta tsorata ku.

5/ Amma a ganina mu ma muna da laifi. Yaro ya ƙera bawul da ke rufe kansa idan ruwa ya yanke, don kada inji ya ƙone, sai mu ce "ai kowa zai iya". To me ya hana kowa yi shekara da shekaru? Komai sauƙi gare shi bayan an gani.

6/ Ma'aunina: a tambayi ƙwararren bakanike a Funtuwa, wanda bai taɓa ganin abin ba, ya zai warware matsalar? In ya faɗa nan take, dabarar ta kowa ce. In ya sosa kai, yaron ya yi aiki.

7/ Masu ƙira, ku yi rajista kafin ku ɗora a TikTok. Bidiyonku na iya zama hujjar cewa abin ba sabo ba ne. Hukumar NOTAP tana taimakawa wajen rajistar. Ku tura wa bakaniken unguwarku.